Mai Gadi da Murafen Kwalba

Kullum da la'asar nakan jira mota a ƙofar wani ofis. Mai gadin dogo ne, rigar aikinsa ta koɗe a kafaɗa. Yakan tsuguna ya jera murafen kwalba a ƙasa, waya a kunne.

"To, uwata, bakwai gabanki, bakwai gabana. Ɗauke biyu. Saura nawa?"

Ina jin 'yarsa ce, 'yar aji ɗaya, tana can wani gari da nata murafen.

Yau wayar ta katse kafin ta amsa. Ya kira, ya sake kira, shiru. Yana nan tsugune, biyun da ya ɗauke damƙe a hannunsa. Ya ƙi kwashe sauran, yana jiran ta ce biyar.