Kawu Arzika da lakar rijiya

Ranar Asabar ce, a farkon sanyin bara waccan, ƙarfe tara da rabi na safe. Mu uku ne a bakin rijiyar da ke bayan gidan Kawu Arzika a Illela: ni, da maƙwabcinsa Labbo mai kabu-kabu, da matar Kawu, Inna Tumba. Shi Kawu, yayan mahaifiyata, yana zaune a kan gungumen bakin rijiya yana ɗaura igiya a ƙugunsa. Shekarunsa sun haura saba'in. Zurfin rijiyar gaba goma sha ɗaya ne.

Ku da kuka san shi kun san abin da ke kai shi ciki. Fangali shida yake da su na tafarnuwa tsakanin rijiya da katanga, kuma ya yi imani ba abin da ke sa tafarnuwa ta yi kai sai baƙar lakar ƙasan rijiya. Duk shekara kafin shuka sai an kwashe ruwan, ya sauka da kansa ya ɗebo guga tara. Ya gauraya da toka, ya baza, sannan ya bi a tsugune yana dasa ƙwaya ɗai-ɗai, tsini sama. Takin zamani kuwa, ko buhunsa bai yarda ya kwana a gidan ba. Abin da ya fi ba mutane dariya, shi ba ya cin tafarnuwa. Cewa yake mai tsayawa a sahun gaba ba ya cutar da na kusa da shi. Rabawa yake yi, har daga Ƙonni ana aikowa. Na iri kuma daban yake rataye su a ɗakinsa, ko Inna Tumba ba ta da izinin taɓawa.

Shekara takwas a jere ni ne mai riƙon igiya. Daga Sakkwato nake zuwa musamman, kuma da damina ta ɗauke nake fara rasa sukuni.

A shekara ta biyu na yi dabara. Na ɗauko mai yasar rijiya daga Lafani, ƙato, wanda sana'arsa ke nan. Mutumin ya sauka, guga ya fito. Kawu ya sa yatsa ya murza, ya shinshina, sai ya juye gugan a rijiya, mutumin yana ciki. Da ya fito yana ta faɗa, laka har cikin kunne, Kawu ya sa aka dama masa fura, ya bayyana masa a tsanake cewa rairayi ya ɗebo. Lakar kirki tana gefen gabas, kuma da yatsun ƙafa ake gane ta.

Sai maganar igiya. Ta rama ce, ta yi baƙi, na taɓa ƙirga ƙulli goma sha huɗu a jikinta. Duk inda ta sile sai ya yanke ya ƙulla, ya ce ta ƙara ƙarfi. Na sayo masa sabuwa ta leda, mai kauri. Ya karɓa da hannu biyu, ya yi mini addu'a mai tsawo. Da na dawo sai na tarar da ita a tsakar gida, an yi shanya a kai.

"Kawu, don rijiya na sayo ta."

"Wagga ta san nauyina, Ummaru. Waccan baƙuwa ta, ba mu saba ba."

Labbo ya ce to ai sai a bar su su saba.

"Shi ya sa na ba ta wandona ta hwara da shi," in ji Kawu.

Yana da doka idan yana ciki: ja ɗaya, a ɗauki guga, ja biyu, a fito da shi. Wata shekara ya yi shiru, Labbo ya leƙa yana kiran "Tsoho! Tsoho!", ba amsa. Can sai muka ji murya daga ƙasa, lafiya lau, tana cewa babu tsoho a rijiyar nan, in Arzika ake nema a kira Arzika. Mun yi dariya a ranar. Daga baya wannan dariya ta kusa ja mana.

A Asabar ɗin da na fara da ita, kafin ya sauka, mun zura fitila mai wuta kamar yadda aka saba, don a gane ko akwai iskar shaƙa a ƙasa. Ba ta kai ruwa ba ta mutu. Kawu ya ce lagwani ne. Muka gyara lagwani, muka sake zurawa. Ta sake mutuwa a daidai wurin. Ya ce kananzir ɗin yanzu duk gauraye ne.

Inna Tumba ba mai yawan magana ba ce. Ta tsaya gabansa ta ce, "Malam, yau dai a bari."

Ya amsa cewa ya riga ya ɓare iri tun jiya, kuma irin da aka ɓare ba ya jiran kowa. Na ce ba zan riƙe ba. Ya dube ni, ya dubi turken da muke zagaya igiya a kai, ya ce to shi da turke sun isa. Na san zai aikata. Na riƙe.

Guga na farko ya fito. Na biyu ya fito, rabi. Muka mayar da guga, muka jira. Igiyar da ke hannuna ba ta motsa ba. Labbo ya kira Kawu, shiru. Ya kira Malam Arzika, shiru. Ya juyo yana murmushi, ya ce wataƙila yau wani sunan ake so. Mun ɓata kusan minti guda a haka. Inna Tumba ce ta tuna mana da ƙaramar murya cewa ruwan da ya rage ya kai gwiwa, kuma wanda ya faɗi ba a tsaye yake faɗuwa ba.

Muka ja. Kawu mutum ne marar jiki, amma ranar kamar buhun gero biyu. Mai rai yakan taimaka da ƙafa a jikin bango. Wannan nauyi ba ya taimakawa. Ƙulli yana zuwa, ya maƙale a gungume, mu ɗaga, ya wuce. A na tara na ji abin da har yau nake ji a tafin hannuna: zaren rama yana tsinkewa ɗaya bayan ɗaya, a hankali, ƙas, ƙas. Labbo ya gani. Ya kwanta rub da ciki, ya zura hannu ya kama igiyar a ƙasan wurin, Inna Tumba ta zauna a kan ƙafafunsa. Haka muka ƙarasa, shi yana miƙo mini, ni ina ja.

Ya fito kansa a langaɓe, laka ta rufe rabin fuskarsa, hannunsa na dama a dunƙule. Muka shimfiɗe shi tsakanin fangali. Na kara kunne a ƙirjinsa, ban iya bambance bugun zuciyarsa da tawa ba. Muka zuba masa ruwa, ba motsi. Inna Tumba ta shiga ɗaki da gudu, muka ji ƙarar turmi sau uku, ta dawo da dakakkiyar tafarnuwa cike da hannu ta danna masa a hanci.

Ya yi atishawa. Ya sake yi. Ya buɗe ido ɗaya, ya daɗe yana duban hannunta.

"Tumba," in ji shi, da ƙyar ake ji, "na iri kinka daka?"

Ta ce na iri ne. Ya rufe idon, ya ce da an tambaye shi da ya nuna inda na ci suke.

Kwana huɗu bai yi mata magana ba. Da lakar guga ɗaya da rabi ya shuka fangali shidan, yana mita. Ya ga girbinsu, ya raba, ya rataye na iri. Da zafi ya shigo zazzaɓi ya kwantar da shi, ya rasu a kan gadonsa, da rana, muna kewaye da shi.

Allah ya jiƙan Kawu Arzika, ya yalwata masa kabarinsa, ya haskaka shi. Ya yafe masa tsoron da ya ba mu. Mu dai mun yafe.

Bayan arba'in muka sa aka yi wa rijiyar murfin siminti, aka bar ƙofar da guga kaɗai ke wucewa. Da sanyi ya zagayo Inna Tumba ta shuka irinsa da toka da kashin awaki, babu laka ko ɗaya. An girbe a watan jiya. Kawunan ba su fi na da ba, ba su kuma gaza ba.