Sau Ɗaya a Rana

Wanzami ne, amma duk layin Alƙali ake ce masa. Ran Asabar da la'asar yakan rufe shago, ya share gashi, ya jawo tebur tsakiya, 'yan layi su taru a yi wasa. Shi ke ba da labarin, sauran kowa da jaruminsa a cikin labarin, ana jefa ɗan ludo a ga abin da zai faru. Littafin dokokin da wani yare ya zo, shi ya zauna ya mayar da shi Hausa, kuma yana ji da wannan aiki kamar ɗan fari.

To, wannan Hausar tasa ce ta ja masa.

Yayansa tsohon direba ne. Tun da ido ya hana shi tuƙi, wasan nan kaɗai ke fito da shi daga ɗaki. Jaruminsa, wani maharbi, ya shekara da shekaru a teburin, yau ga shi kwance cikin kogo, dodo ya yi masa kaca-kaca. Yana da zoben warkarwa, amma ya riga ya murza shi ɗazu a cikin kogon.

"Na sake murzawa," in ji Yaya.

"Yaya, sau ɗaya a rana ne."

"Madalla. Akwai rana a kogo? A rana sau ɗaya, a inuwa kuwa ba ka ce komai ba."

Wata nas, wadda jarumarta matsafiya ce, ta kifa kai tana dariya. Mai gyaran waya kuwa ya gyara zama, don shi ma akwai sandar tsafi mai irin wannan dokar a jakar jaruminsa. Alƙali ya ga idonsa ya san in ya bari yau, gobe kowa zai shige ƙarƙashin bishiya ya zama ba ya mutuwa. Haushi ya turnuƙe shi. Yini fa yake nufi, yini. Wace tsiya ta hana shi rubuta yini?

"Ranar kwana nake nufi, Yaya, ba ta sama ba."

"Ni abin da ka rubuta na karanta, ba abin da ke cikinka ba."

Ya yi bayani, ya kawo misali, har ya rantse. Yaya ya harɗe hannu yana kallon silin. A ƙarshe Alƙali ya ce zoben bai yi aiki ba. Maharbi ya mutu. Yaya ya ɗauki hularsa, ya yi wa kowa sallama ban da ƙaninsa.

Asabar ta zagayo, an jera kujeru, sai ga Yaya. Alƙali ya yi wuf ya jawo masa kujerarsa. Yaya ya wuce ta, ya zauna gaban madubi, ya cire hula. Kan nan tal, ko gashi ɗaya babu.

"Aski na zo," ya ce. "In ka gama shari'ar."