Kaset ɗin da Ba Sunan Kowa

Mu fuɗu ne, kuma duk Tambuwal ba mai son jin mu. Lokacin bai daɗe ba da anka ba Sakkwato jiharta, kuɗin mai ko'ina, kowa ya zama ɗan kwangila. Mu ko abin da munka samu jita biyu ne da wani bakanike ɗan kudu ya sayar muna, da faifan garmaho na wasu samarin Turai masu ihu kamar an taka su. Turancinsu ba mu ji sosai, amma fushin mun ji shi sarai. Munka ce in dai ihu ne, mu ma muna da abin yi wa ihu.

Ni ɗan gidan malamai ne, ni ke waƙa. Mai gangarmu ɗan Kebbe ne, shi kaɗai ne makaɗin gado cikinmu. Ubanai tun yana saurayi yake yi wa gidan wani Alhaji kiɗa, ranar suna da biki da sallah. Hatsin da gidansu ke ci daga can yake fitowa. Alhajin nan shi anka ba kwangilar hanyar Kebbe, ya zuba tsakuwa tifa uku, ya sayi marsandi.

Alhajin ke da babbar rakoda da janareta. Albarkacin tsohon, uban mai ganga, ya ara muna, munka shiga wani shagon ajiyar gyaɗa tun da safe munka ɗauki waƙa shida. Ana gamawa sai ga Alhaji da mutanenai. Munka sa mai, ya zauna yana yamutsa fuska har kaset ya ƙare.

"Samari, duk hayaniyar ga, ina sunana?"

Na ce, "Alhaji, mu ba mu faɗin sunan kowa."

"To wa kunka yi wa waƙar?"

"Ramukan hanyar Kebbe munka yi wa."

Wallahi na ji daɗin bakina ranar. Ban ko duba mai ganga ba, wanda ya sunkuyar da kai. Alhaji ya ce a kwashe kayanai. Su kwasa! Kaset namu ne, yana aljihuna. Wani mai gyaran rediyo a kasuwa ya kwafa muna, direbobin tasha sunka riƙa sa shi, mota na faɗawa rami fasinja na amshi. Kawuna ya ce na zubar da mutuncin allon gidanmu. Ban bari ba.

Da sallah tsohon ya rataya ganga ya tafi ƙofar Alhaji kamar kullum. Anka bar shi tsaye har azahar, sannan anka aiko a ce mai ya tafi ɗanai mai kiɗan kaset ya ba shi hatsi.

Kashegari mai ganga ya zo da babur, ko sallama babu. "Kai ɗan malam, gidanku zakka ake kawo muku. Mu fa? Mi za mu ci?" Ya ce mu sake ɗaukar waƙa ɗaya da sunan Alhaji, mu kai mai. Raina ya ɓaci ƙwarai, amma na hau bayanai munka nufi Kebbe mu fara faɗa wa tsohon, hanyar na karya muna ƙugu.

Munka iske tsohon a zaure, munka gaishe shi, ɗan ya faɗa mai abin da munka yanke. Tsohon ya ce a fara sa mai kaset ɗin. Ya saurara ido rufe, yatsa na bugun gwiwa. Da ya ƙare ya dubi ɗanai.

"Kana gudu da yawa, hannun hagunka kuma malalaci ne."

"To, Baba. Zancen sunan fa?"

"Ba ku sa shi. Tun ba ka zo duniya ba nika kiran sunan mutumin ga, ya isa haka nan. In ka sa, kada ka ƙara taɓa gangata."

Ba mu sa ba, kuma har yau ban yi nadama ba. Sai dai damina na faɗuwa tsohon ya ɗauki hauya ya shiga ƙwadago gonakin mutane, da furfurarsa. Na taɓa gaisawa da shi kasuwar Tambuwal, na ji tafin hannunai duk ya farfashe. Nawa hannun ko ƙwarzane babu.