Turare a Kan Hoton Umma

Ƙamshin turaren fesawa da hayaƙin kara, shi ne ƙamshin yammacinmu a Ɗanzomo. Bayan isha'i Kaka takan zauna bakin murhu, ni ina jingine da cinyarta, hoton Umma a hannuna.

Shi kaɗai ya rage mana. An buga shi a wani shago a kasuwar Maigatari kafin rasuwarta, wayar da aka ɗauke shi da ita kuwa ta faɗa rijiya. Umma ce 'yar farin Kaka, don haka ba ta kiran sunanta, ba ta kukanta a gaban mutane. Sai dai duk Juma'a takan fesa wa hoton turarenta, ta goge da gefen zane.

Hoton kuwa yana ta dusashewa. Ɗankwalin ya fara zama ruwan ƙasa, sannan gira ta narke.

"Kaka, hancin Umma ya tafi!" na ce ina kuka. "In ta goge duka, da me zan tuna ta?"

"Ke, uwar kuka, za ki kashe mini wuta da hawaye. Matso, ga wata tatsuniya nan ta iso."

Wai wata makiyayiya ce 'yarta ta bi ruwan damina, ta bar mata fuskarta a cikin ƙwaryar ruwa. Wata tsohuwa ta ce mata, "Rufe da faifai, ki leƙa da ido, kada ki taɓa." Amma zuciyar uwa ta ƙi. Kullum sai ta sa yatsa ta shafa kumatun, ruwan ya motsa, fuskar ta ragu. Ran nan ta buɗe, sai tata fuskar ta gani.

"To wa ya yi laifi?" na tambaya.

"Babu," in ji Kaka, tana kallon garwashi. "So ne ya yi yawa."

Na yi addu'a, na ɓoye hoton a ƙasan akwati, na roƙi duk mai zuwa Maigatari ya tambaya ko shagon na da wani. An ce mai shagon ya koma Damagaram. Ran Juma'a kuwa Kaka takan ciro hoton daga akwatin. Kafin in gama firamare, tabo mai ruwan hoda kawai ya saura.

Bara, bayan Kaka ta rasu, na kai nata hoton a buga mini a wani shago a Gumel. Mai shagon ya ajiye gwangwani biyu a gabana.

"Wanne za a fesa, 'yar'uwa, mai sheƙi ko marar sheƙi? Duka suna tare rana da laima. Sai tawadar ta bushe tukuna, a fesa sama-sama daga nesa."

Na zaɓi marar sheƙi, don kada haske ya tare mini idanunta. Sannan na tambaye shi ko turare na iya wannan aikin.

Ya yi dariya. "Turare? Ai shi ke narkar da tawadar nan. Fesa ɗaya ma ɓarna ce."

Kaka ta yi shekaru tana fesawa, ba ta taɓa tsallake Juma'a ba.