Aji Shida Biyu Ne

Duk wanda yunwa ta taɓa kamawa a kusa da tashar jirgin ƙasa ta Oudenaarde ya san Joris Vandecasteele mai soya dankali. Mutum ne faffaɗa mai fara'a, wanda kan ƙara maka cokalin mayonis ba ka roƙa ba. Sai dai akwai kalma guda da in ta faɗo cikin hira, nan take annurin fuskarsa kan ɗauke, ita ce Latin, tsohon harshen nan na Turai.

Yana ɗan shekara goma sha biyu aka sa shi ajin Latin, inda ake tara yaran da ake sa ran za su zama likitoci da lauyoyi. Bai daɗe ba aka sauke shi zuwa ajin da ke ƙasa, aka kuma sake saukewa, har ya tsinci kansa a gaban kaskon mai. Sana'ar ta rufa masa asiri, amma Joris irin mutanen nan ne da ba sa yafe wa kansu. Ko yaba masa aka yi, sai ya ce, "Mu da kanmu bai ɗauki Latin ba, ai sai dankali."

Da 'yarsa Marthe ta kai aji shida na firamare, malamarta ta ce yarinyar za ta iya Latin da lissafi mai zurfi in ta shiga sakandare. Joris ya rantse abin da ya same shi ba zai same ta ba, sai ta shiga tana gaban kowa. Ya nemo mata darasin Latin da lissafi ta intanet, duk Laraba da rana, tunda ranar makarantu kan tashi da wuri. Ya ga an rubuta na 'yan aji shida ne, ya danna da yatsansa mai maiƙo. Bai shawarci matarsa Hilde ba, balle malamar yarinyar. Tun yana yaro babu abin da yake tsoro kamar yi wa malami tambaya.

Laraba ta farko Marthe ta sauko daga bene idanunta jajir.

"Baba, ban gane komai ba. Lissafin ma ba lambobi a ciki, harufa ne zalla."

"Haka yake da farko. Ki dage."

Ta dage. Takan rufe kyamararta kamar yadda kowa a ajin yake yi, ta kashe makirfo, ta yi ta kwafar abin da ba ta sani ba. Hilde ta ce, "Joris, yarinyar nan ko abinci ba ta ci ranar Laraba. Ka ƙyale ta mana."

"In ƙyale ta ta ƙare a bakin kasko kamar ubanta?"

Wata Laraba da Marthe ta sake saukowa da kuka, shago cike da mutane, haƙurinsa ya ƙare. Ya daka mata tsawa, "To shi ke nan, kin gado ni! Kanki irin nawa ne, ba ya ɗaukar komai!" Ta tsaya tana kallonsa, ta juya ta koma sama.

Larabar da ta biyo baya ya rufe shago da rana, abin da bai saba ba, ya hau ya zauna gefenta don ya ga da idonsa inda take wasa. Sai aka yi dace malamin darasin, wani dattijo mai suna Malam De Clercq, ya ce yau kowa ya buɗe kyamara. Fuskoki suka fara bayyana. Wannan da gemu. Wancan da gashin baki. Wata budurwa tana ta shafa jambaki. A can ƙasan allon ga Marthe, da kitsonta biyu da giɓin haƙori.

Malamin ya gyara tabarau. "Marthe, shekarunki nawa?"

"Sha ɗaya, Malam."

"Kai! Yallaɓai, kai ne mahaifinta? Wannan fa aji shida na sakandare ne. Waɗannan jami'a za su shiga bana. Shekara biyar suka yi suna Latin kafin su zo nan."

Wani mai gemu ya ce, "Ashe autarmu ce mai shirun nan!" Ajin ya ɗauki dariya, ba ta mugunta ba, amma Joris ji ya yi kamar ƙasa ta tsage ya shige. Aji shida biyu ne a ƙasar nan, na firamare da na sakandare, ko yaron goye ya sani. Marthe ce ta miƙa hannu ta rufe kwamfutar.

Kunya ta hana shi ɗaga kai, yana ta goge tafinsa a jikin riga.

"Laifina ne, 'yata. Kanki lafiya lau. Akwai na 'yan firamare, shi za mu nema, kuma wannan karon sai na tambayi malamarku."

"Na riga na gaya mata ba zan shiga Latin ba," in ji Marthe. "Na ce mata na gwada, ban iya ba."

"Gobe zan je da kaina in warware. Maganar da na faɗa miki a shago kuwa, ki manta da ita. Ba irin kaina gare ki ba."

Ta ɗago ta dube shi, fuskarta ta sauya kamar an ƙwace mata wani abu.

"Ai ni, Baba, duk cikin abin nan wannan ce kaɗai maganar da ta yi mini daɗi."