Keken Ɗan Inna

Shekarar da sa'o'ina suka tafi kwaleji a Zariya, ni aka kai ni koyon gyaran keke wajen ƙanen babana, a bakin Babbar Kasuwa. Jarrabawa ce ban ci ba. A lokacin, duk saurayin da ya sa farar riga ya maƙala alƙalami a aljihu, sai manya su tare shi da tambaya ko ɗan kwaleji ne. Na tsani tambayar nan har na daina zuwa suna da ɗaurin aure.

Wata ranar Juma'a da hantsi, na riga na yi wanka na sa fararen kaya don masallaci, sai ga wata dattijuwa ta turo keke, tayoyinsa duk a sace. Daga unguwar Doka ta turo shi. Ta ce na ɗanta ne, tun da ya tafi makaranta yake jingine a zaure, tana so ya tarar da shi lafiya in an yi hutu.

Na ba ta benci, na naɗe hannun riga na hau aiki. Tana ta kallona. Can ta gyara mayafi ta ce, "Ɗan nan, kada ka ga na cika tambaya. Kai ma kana kwalejin ne, ka zo taya aiki, ko kuwa nan kake?"

Ban ɗaga kai ba na ce, "Nan nake, Inna. Ban samu shiga ba."

Na jira a ce mini Allah ya sa haka ya fi alheri, kamar yadda kowa ke cewa. Sai na ji ta ce, "To madalla, ashe uwarka tana ganinka kullum. Ni nawa, sai dai in dafa tuwo in manta in zuba har da rabonsa. Jiya ma haka na yi."

Dariya ta kama ni, ita ma ta yi, tana share ido da bakin mayafi.

Da na gama, ta ce ba za ta iya sake turo shi ba, in kai mata gida bayan an sauko daga masallaci. Na kai. Mijinta, wani akawu mai ƙarancin magana, ya shimfiɗa mini tabarma a zaure, aka fito da tuwon shinkafa da miyar taushe. Tun daga ranar, kowace Juma'a sai na biya ta gidan. Takan sa in hau keken in zaga unguwa, wai kada ya yi tsatsa.

Da ɗan ya dawo hutu, na ɗan ja jiki, ina jin nauyin zama da ɗan kwaleji. Shi ya zo har shago ya same ni, ya ce Inna ta ce in ban zo ba shi ma ba za a ba shi abinci ba. Muka tafi tare, yana tuƙi ina bayansa, yana ba ni labarin yadda wake da garin rogo na makaranta suka ishe shi.

Mun yi abota har muka aurar da 'ya'ya. Ranar da Inna ta rasu, ni da shi muka shiga kabari muka karɓe ta.