Ina Za Ka, Yaya Shehu?

Shekara takwas ke nan da rasuwar wana, Yaya Shehu, kuma sai a daminar bana na iya taka wurin da ya faɗi. Abin da ya kai ni kuwa wata 'yar na'ura ce da ba ta cika tafin hannuna ba. Da yana raye, na tabbata sai ya hana ni sakat da tsiya a kanta, sannan ya ƙwace ta.

Ga waɗanda ba su san shi ba, Yaya Shehu tela ne a Kwangila, nan cikin Minna, unguwar da kakanmu ya sauka lokacin da aikin jirgin ƙasa ya kawo shi. Duk mako yana kan keken ɗinki, amma ranar Asabar ta keken hawa ce, ko da kayan amarya ne ke jiransa. Shi ya koya mini hawa, shi ya ja ni muka riƙa shiga gonakin bayan gari tun muna samari har furfura ta rufe mu. Sai dai ban taɓa ganin mai ɓata hanya irinsa ba. Duk inda hanya ta rabu biyu, wadda bai taɓa bi ba ita yake ɗauka. Ya taɓa fita da niyyar Maikunkele, ya ɓulla ta bayan Gidan Kwano da doya ɗaure a kariyar bayan keke, yana dariya kamar da gangan ya yi.

A gidanmu ba a tambayar namiji ina za shi. Haka muka taso muka tarar. Mahaifiyarmu takan ce tambayar tana ɓata sa'ar tafiya, kuma rashin kunya ne ƙarami ya yi wa babba ita. Matarsa, Anti Rabi, har suka aurar da 'ya'ya ba ta taɓa wuce “a dawo lafiya” ba. Shi ma iyakar abin da yake cewa shi ne, “Bari in zaga.” Ba mu taɓa ganin aibun hakan ba, ladabi muka ɗauke shi.

Ranar da abin ya faru ina wurin suna, don haka shi kaɗai ya fita bayan asuba. Azahar ta yi bai dawo ba, babu wanda ya damu, don halinsa ne. Da la'asar ta gota Anti Rabi ta aiko a kira ni. Wayarsa tana shiga, ba a ɗauka. Muka fito nema, muka tsaya cirko-cirko a bakin titi, don babu wanda ya san ko gabas ya yi ko yamma. Wasu suka bi hanyar Bida, wasu ta Paiko, ni na yi ta Chanchaga, duk muna nesanta da shi ba mu sani ba. Wani manomin doya, Baba Yohanna, shi ya tsince shi a gefen gonarsa can bayan Maikunkele da yamma liƙis, da sauran numfashi. A hanyar asibiti ya cika. Zuciya ce, in ji likita. Na yarda kwana ne ya ƙare, ban taɓa ja da wannan ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne yinin da ya yi kwance cikin rana shi kaɗai, wayarsa tana ruri a aljihu.

Ban daina hawa ba bayansa, amma wannan ɓangaren na ƙaurace masa. Ga shi yanzu na wuce shekarun da ya rasu a cikinsu, ga hawan jini. Bara jiri ya ɗebe ni a hanya, na yi kuskuren ba da labarin a gida. 'Yata Hafsatu, wadda take aikin jinya, kuma a hannun Yaya ta yi rabin ƙuruciyarta, tana wurin tana ji. Washegari na tarar da kekena a ɗakinta, ta danna kwaɗo. Sharaɗinta ɗaya ne: ko in yarda a ɗaura wa keken na'urar GPS da za ta riƙa nuna mata inda nake, ko in haƙura da hawa.

“Ni za ki rataya wa ƙararrawa kamar akuya?” na ce mata.

“Baba, ni ba zan tsaya a bakin titi ina neman ka ba,” in ji ta. “Na yi sau ɗaya, ya ishe ni.”

Na yi fushi na kwana biyu, na ga fushin bai buɗe kwaɗo ba, sai muka zauna zaɓe. Da farko na ce ai wayata ma ta isa, a ɗaure ta a kan keken. Muka gwada. Zafin ranar Minna ya gasa ta, ta ɗauke kafin hantsi ya yi nisa, ga girgizar hanya tana neman watsar da ita. Daga nan wani malamin jami'a da muke haɗuwa da shi a hanyar Gidan Kwano ya ara mini tasa na'urar, babba mai launi, irin ta shafawa. Kyau kam ba a magana, amma da gumi ya ɗiga mata sai ta fara tsalle daga wannan shafi zuwa wancan, ga cin caji, a garin da wuta take zuwa in ta ga dama. Akwai wata ƙarama da ba ta nuna komai sai gudu da nisa. Na ce wannan ta samari masu tsere ce, ni da wa nake tsere? A ƙarshe muka tsaya kan matsakaiciya mai maɓallai, wadda yatsa yake jin ya danna ko da ruwa ake yi, rubutunta yana fitowa da tsakar rana ba sai na ciro tabarau ba, cajinta kuma yana kai ta Asabar biyu. Ni maɓallan na duba. Ita Hafsatu abu ɗaya ta duba, wato tana haɗuwa da wayar da ke aljihuna ta aika mata inda nake.

Safiyar da na fara kunna ta a ƙofar gida ba zan manta ba. Ta yi jim tana lalube, can sai ga wata 'yar kibiya ta fito a daidai layinmu, a daidai kwanar mai shayi. Na matsa gaba, ta matsa. Hafsatu ta ce wai taurarin ɗan'adam ne can sama suke ta sako saƙo dare da rana, ba ganina suke yi ba, na'urar ce take saurarensu ta auna inda take. Na ɗaga kai ban ga komai ba sai hadari. Wato duk Asabar ɗin da muka yi muna ɗimuwa cikin dawa da gero, wannan saƙon yana sauka a kanmu, kunnen jin sa ne ba mu da shi. Na ce tsarki ya tabbata ga wanda ya sanar da ɗan'adam wannan.

Nakan tambayi kaina me Yaya zai ce. Na san zai fara da cewa, “Wato ɓatan ma an hana talaka?” Amma mutumin da yake jingine keke a shingen filin jirgi ya saki baki yana kallon tashin jirgin sama ba zai daɗe yana gardama ba. Abin da zai fi kama shi shi ne, taswirar ba ta san hanyoyin gona ba. Da ka bar kwalta sai fuskar na'urar ta koma fari fat, sannan wani siririn layi ya riƙa zana kansa a bayanka. Da Yaya ya ga wannan farin, Anti Rabi sai ta riƙa ganinsa da magariba.

Wannan layin ne ya ba ni ƙarfin hali. Ranar Asabar ɗin da ta wuce na bi ta Maikunkele, na tambayi gidan Baba Yohanna. Ya tsufa, amma ya gane ni, ya ɗauki sandarsa ya shige gaba har gefen gonar. Ya nuna gindin wata kaɗanya.

“Nan ne,” in ji shi. “Keke yana can, shi yana nan. Ya ce mini ruwa. Na ba shi, ya sha sosai, ya yi godiya.”

Shekara takwas ban san ya sha ruwa ba. Na zauna a wurin na yi masa addu'a, na yi kuka irin wanda ban yi ranar jana'iza ba. Ban gama share ido ba wayata ta yi ƙara.

“Baba, na ga ka tsaya, ka daɗe ba ka motsa ba. Lafiya? Ina ne nan? Ba na ganin komai a wurin.”

“Lafiya lau. Wurin Babanki Shehu ne.”



Shagonsa yanzu mai sayar da caja ne a ciki, kekensa ya yi tsatsa, masu sa ɗinkinsa sun ragu. Abin da ya rage na Yaya shi ne wannan kwaɗayin na bin hanyar da ba a sani ba, kuma yana jikina, ba na jin zai fita sai da raina. Al'adar shirun ce kawai ba za ta wuce kanmu ba, kuma ban yi baƙin cikin hakan ba. Allah Ya jiƙan Yaya Shehu, Ya sanyaya makwancinsa. A wurin da ya yini babu wanda ya san yana nan, ni ban kai tsawon sallah ɗaya ba aka neme ni.